Baƙo daga Abijan, cin rana a otel ɗin Filato: nawa zan riƙe a aljihu?

Ɗan_Galmi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar mutanen Yamai nike nema. Ni ɗan kasuwar albasa ne, shekara tara ke nan ina loda kaya daga Galmi zuwa Abijan. Mutumin da ke karɓar kayana can zai sauka Yamai ran Talata don wani taro, ya ce mu haɗu ran Laraba da rana a gidan abincin otel ɗin da ya sauka a unguwar Filato, mu yi maganar kwantiragin bana. Tunda shi ya tako ƙasarmu, ni ya kamata in biya. To ni fa in na shigo Yamai, wajen mai naman Wadata ko masu tuwon Katako nike tsayawa, ban taɓa zama irin wurin ga ba. Nawa zan riƙe don kada in sha kunya? Mi ake cewa a kawo? Sannan mutumin ba musulmi ba ne, kuma na san yana shan giya. In ya ce a kawo mishi, ni in yi yaya?

Kontabul_Filato: Wa alaikumus salam Alhaji. Ofishinmu na nan kusa, kuma ni ke biyan takardun cin abincin baƙinmu, don haka na ɗan san kan abin. Tsari biyu ne. Akwai bife, wato an jera abinci kala-kala a manyan kwanoni, ka ɗauki faranti ka zuba da kanka, kuɗin kai ɗaya ne ko ka ci kaɗan ko ka ci da yawa. Akwai kuma wanda za a miƙo maka takarda ka zaɓa, kowane abu da kuɗinsa. Takardun da ke wucewa ta hannuna, bife na rana yakan kama tsakanin jikka 15 da jikka 20 mutum guda, ban da abin sha. Mutum biyu, ka riƙe jikka 60. Ba lallai ka kashe su duka ba, amma gara su yi saura.

Uwar_Biyu_Yantala: Jikka 60?! Inna lillahi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne tun da aka ƙara shi a farkon 2024. Wato albashin wata guda da rabi na mai gadin ƙofar, a cinye kafin la'asar. Ni a ba ni jikka 10 in yi muku dambun zogale da zabbi biyu, har maƙwabta su samu.

Kontabul_Filato: Hajiya ban ce adalci ne ba, farashi aka tambaye ni.

Baban_Nana: Ɗan Galmi, bife za ka zaɓa kawai. Kana ganin abin da idonka kafin ka zuba. Ni ranar farko takarda aka ba ni, na nuna wani suna mai tsawo don in burge, sai ga ganye huɗu da ɗan kifi kamar yatsa a tsakiyar faranti mai faɗin faifai. Da na fita sai da na tsaya wajen mai shayi na ci burodi da ƙwai.

Tsohon_Garson: Alhaji, ka zauna ka karanta wannan da kyau. Shekara 11 na yi ina ɗaukar faranti a manyan otel biyu na garin nan kafin in buɗe ɗan wurina.

Abinci ba shi ke cinye kuɗin mutum ba, abin sha ne. Da kun zauna yaro zai zo ya ce ruwa, ka ce e, ya buɗe babbar kwalba. Kafin a gama ya buɗe ta biyu ba tare da ya sake tambaya ba, don an koya mana kada a bar kofin baƙo ya bushe. Ruwan da kake saye dala biyar a leda bakin titi, a can kwalba guda na iya kai jikka 2. Sai lemu, sai kafe a ƙarshe. Ka ce a kawo kwalba ɗaya babba, in ta ƙare kai za ka ce a ƙaro.

In takarda kuka zaɓa, ka lura da kalmomin nan na Faransanci: vin, rhum, cognac, flambé, duk da barasa ake dafa su. Jambon da lardons kuma asalinsu naman alade ne. Wurare da yawa a nan na kaza ko na sa suke sawa, amma ka tambaya, ba abin kunya ba ne, kullum ana tambayarmu. In nama ka ce, ka ce "bien cuit", in ba haka ba a kawo maka shi da jini a ciki kamar yanzu aka yanka. Mafi sauƙi ka ce kapitan, giwan ruwa ke nan, gasasshe da shinkafa ko dankali. Ba ya ba da kunya.

Maganar biya: tun kuna shiga, ka ja shugaban yaran gefe ka ce takardar kuɗi wajenka za a kawo. In ba ka faɗa ba, baƙon da ke kwana a otel ɗin sa hannu kawai zai yi a zuba a kuɗin ɗakinsa, kana zaune ba ka ma san an gama ba.

Ɗan_Galmi: Allah ya saka da alheri Tsohon Garson. Na kwafe kalmomin a takarda. To cokali fa? An ce suna jera su da yawa.

Tsohon_Garson: Ka fara da na waje ka yo ciki. In ka rikice ka ɗauki wanda ya yi maka, ba wanda zai kama ka. Na ga manyan mutane masu rawani sun nemi ruwan wanke hannu sun ci da hannu, mu ma muka fi girmama su.

Malam_Boukoki: Tambaya ta uku ita ce babba, na ga kowa ya tsallake ta. Akwai hadisi a Tirmizi da ya hana wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira zama a kan teburin da ake shan giya. Wannan ɗaya. Na biyu, biyan kuɗinta da aljihunka ya fi zaman nauyi, don ka zama mai saye. Shawarata, ka kira shi tun yau, cikin girmamawa, ka ce kai za ka karɓi baƙuncinsa amma addininka bai ba ka damar zama da ita ko biyanta ba. Mutanen Abijan suna zaune da musulmi gida ɗaya, kasuwa ɗaya, ba sabon zance ba ne a kunnensu.

Abu_Sumayya: Malam ni a ganina shiga wurin ma bai kamata ba. Gida ne da ake sayar da barasa, kuɗinka na ƙarfafa su.

Ƴar_Harobanda: To in haka ne sai a daina shiga jirgin sama ma, da manyan kantuna. Mu da aiki ke kai mu irin wuraren nan kusan kowane wata, mashaya daban take, zauren cin abinci daban. Yawancin waɗanda ke cin rana ma ƴan ƙasa ne da ruwa da bisap a gabansu, ana kiran azahar su miƙe.

Malam_Boukoki: @Abu_Sumayya nassin teburi ya ambata. Wanda ya ƙaurace wa ginin gaba ɗaya don tsantseni ya kyauta, amma ba zan ce wa mai neman halalinsa ya yi haramun don ya zauna a zauren da wani can nesa ke sha ba. @Ƴar_Harobanda kwatancen jirgi kuma bai zauna daidai ba, a jirgi ba ke kika zaɓi maƙwabcin kujera ba, nan kuwa shi ne mai gayya.

Abu_Sumayya: Na ji Malam, amma ina nan kan bakana.

Hajiya_Tawa: Ni abin da ban gane ba, yaushe muka fara karrama baƙo a gidan haya? Ɗana, ba ka da ɗan'uwa ko ɗaya a Yamai? Adarawa sun cika Boukoki da Lazaret. A share tsakar gida, a shimfiɗa darduma, a yanka zabbi, a dama fura da nono mai kyau, a kawo cuku da shayi. Mutumin nan ya gaji da abincin otel, ko'ina ya je shi ake ba shi. Abin da ba zai manta ba shi ne na gida.

Kontabul_Filato: Hajiya gaskiyarki ta wajen karamci, amma shi baƙon ne ya faɗi wuri. Mai taro awa ɗaya da rabi gare shi tsakanin zama biyu. Kafin a kai shi Lazaret a dawo da shi cikin cunkoson rana, an koma zaure. Kuma maganar miliyoyi ba a yinta yara na wucewa, maƙwabci na leƙowa gaisuwa. Abin da ake saye a Filato ke nan: sanyi, shiru, teburin da za a baza takardu, da intanet. Shinkafar kyauta ce aka ɗora a kai.

Uwar_Biyu_Yantala: Kyautar jikka 20. Allah ya ba mu irin wannan kyauta mu ma mu riƙa bayarwa.

Shofer_Proje: Ku bar ni in faɗi nawa, mu da muke ganin abin daga wajen ajiye motoci. Shekara 14 ina tuƙa motar proje. Lokacin da atiliye, wato tarurrukan bita, ke da yawa, kowane zaure a Filato cike yake: ƙarfe goma shan kafe da ƴan cincin da nama, ƙarfe ɗaya bife, ƙarfe huɗu wani kafen. Mu direbobi muna ƙarƙashin bishiya da butar shayinmu, in an dace wani yaron kicin ya miƙo mana ragowa a leda. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 abin ya sake. Turawa da yawa sun tafi, proje da dama sun rufe, ni kaina wata bakwai na yi zaune. Yanzu in ka leƙa, Turkawa ne, ƴan Sin, Indiyawa, baƙi daga Bamako da Wagadugu, sai ƴan kasuwarmu. Don haka Ɗan Galmi kada ka shiga kana sunkuyar da kai. Irinku ake nema yanzu.

Tsohon_Garson: Shofer ya faɗi gaskiya. Kuma ga masu cewa tsadar zalunci ce zalla, ku tuna lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can take zuwa. Otel ba ya iya cewa baƙo yi haƙuri an ɗauke. Gurup ke aiki dare da rana, gazuwal kamar ruwa, ga ɗakin sanyi na nama da kifi da ba a kashewa ko minti ɗaya, ga kilim a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40. Kayan da ake shigowa da su kuma, man shanun Turai, cukunsu, garin burodi, da ta Kwatano suke biyowa. Da aka rufe iyakar Benin sai ta Lome, a ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Duk wannan a cikin farantin yake. Abin da ba ya cikin farantin shi ne albashin yaron da ya kawo shi. Shi ya sa nake roƙo, in an yi maka hidima mai kyau ka bar masa ko jikka guda a hannunsa, ba a cikin takarda ba.

Bagobiri_Na_Asali: Duk laifin Zabarmawa ne. Sun ga baƙi sun ninka kuɗi. Ku zo Maraɗi a cika muku ciki da dala ɗari.

Zarmaize_227: Bagobiri, kai da ko cokali mai yatsu aka ba ka sai ka tambaya ko na sosa baya ne. Ka zauna can ka ci ƙuli-ƙulinka, Filato ta fi ƙarfin bawa.

Bagobiri_Na_Asali: Ubangidanka nake, ka zo ka ɗauki jakata in na sauka tasha.

Dattijo_Terminus: Taubasai a sassauta. Ni zancen nan ya tuna mini da da. A zamaninmu in an ce za a kai baƙo wurin girma, Gaweye ne ko Grand Hôtel. Ba abincin ne ya dame mu ba, farfajiyar Grand Hôtel ce da ke kallon kogi. Ka zauna da yamma da tsiren nama a gabanka, rana na faɗawa can bayan Harobanda, ga gadar Kennedy mutane na tsallakawa, har raƙuma da kayan itace, ga masu kwalekwale a ƙasa. Lokacin ita kaɗai ce gada a Yamai, tun 1970 da aka buɗe ta. Ɗan ƙaramin ma'aikaci ma yakan iya zuwa ƙarshen wata ya sayi tsire da lemu ya zauna awa biyu. Waɗannan sababbin na gilashi da ƴan Sin suka gina, ka shiga ba ka san ko a Yamai kake ko a Dubai ba.

Injiniya_BTP: Baba a gafarce ni, gyara kaɗan. Ba duka ƴan Sin ba ne. Radisson Blu kamfanin Turkiyya ne ya gina shi, Summa, wanda ya sabunta filin jirgin Diori Hamani. Shi da Noom da Bravia duk albarkacin taron ƙolin Tarayyar Afirka ne na watan Yulin 2019, wanda aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta nahiyar a cikinsa. Zauren taro na Mahatma Gandhi kuma Indiya ce ta ba da kuɗinsa. Ƴan Sin gada ta biyu da ta uku suka yi.

Dattijo_Terminus: Na karɓi gyara ɗana. Tsufa ne, duk mai gini da sauri sai in ce ɗan Sin ne. Amma maganar kogi tana nan.

Ƴar_Harobanda: Baba ya taɓo abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mi ya sa in ka buɗe takardar abincin yawancin wuraren nan sai ka ga fiza, taliyar Italiya, hambaga, amma namu sai an bincika? Ƙasar da ke da kilishin Madawa, cukun Tahoua, tattasan Diffa, dankalin Bonkoukou da na Agadas, lemun Timia, shinkafar bakin kogi. Abokan aikina baƙi kullum tambayarsu ina za su ci abincin Nijar, sai in kwashe su zuwa wajen wata mai dambu a unguwa. Ƴan Senegal sun sa cebu jen ɗinsu a kowane otel, ƴan Kodebuwa sun sa aceke, har a nan Yamai. Mu kunyar namu muke ji.

Tsohon_Garson: Ya fara sakewa ƙanwata. A bife yanzu sau da yawa za ki tarar da dambu ko kopto a gefe, da miyar zabo, da bisap da ruwan citta da na tsamiya a manyan tuluna. Da azumi ma har kunu da ƙosai da dabino suke jerawa na buɗa baki. Matsalar daga mu take: ɗan ƙasa in ya biya jikka 18 ya ga dambu sai ya ce don wannan na zo? Ya wuce wajen fiza. Shugaban kicin yana kallon abin da ke dawowa ba a taɓa ba, gobe ya rage shi.

Ƴar_Harobanda: To a dafa shi da kyau mana. Dambun da na ci a wani wuri a bushe yake kamar yashi, zogalen ma kamar an ƙirga ganyen.

Baban_Nana: Mun bar Ɗan Galmi a tsaye fa. Alhaji ka sa babbar riga, ka je da wuri don akwai binciken ƙofa, a duba mota a wuce da kai ta na'ura. In kana da ƴar wuƙar yanka albasa a aljihu irin ta ƴan kasuwa, ka bar ta masauki.

Ɗan_Galmi: Wallahi kamar ka gan ni, kullum tana aljihuna. Na gode. Na kira shi kamar yadda Malam ya ce, ya yi dariya ya ce ba komi, ya san Alhazai. Sai na dawo.

Hajiya_Tawa: Ka tafi masa da kilishi ko na jikka 5 ne. Kada ka je hannu biyu.

Ɗan_Galmi: Jama'a na dawo, ga labari. Na isa tun sha biyu da rabi, na ja shugaban yaran gefe kamar yadda aka koya mini. Ƙarfe ɗaya sai ga mutumina ya sauko, amma ba shi kaɗai ba. Shi da mai riƙe mishi lissafi, da wani abokinsa da suka haɗu wajen taron. Mu huɗu. Cikina ya ɗuri ruwa, na shiga lissafi a zuci ina murmushi a fuska. Bife muka ci, Allah ya taimake ni. Akwai kapitan, akwai rago, akwai shinkafa iri biyu. Wajen salati na ga albasa an yanka ta zobe-zobe an jera kamar zinariya, na ɗauki ɗaya na duba, ja mai ruwan hoda, tamu ce ta Galmi ko rantsuwa na yi ba kaffara. Na nuna ma baƙon, na ce ka ga abin da nike gaya maka, ko nan ita suke sawa. Da kaka muna rabuwa da buhu kamar kyauta don ba mu da isassun rudu na ajiya, ga ta nan ana ɗaukarta da ɗan awartaki na azurfa.

Shi mutumina ruwa ya sha, ya cika alkawari. Abokin nan nasa da bai san zancen ba shi ya ɗaga hannu ya ce a kawo mishi jar giya kofi guda. Na rasa ta cewa. Sai na dubi agogo na ce lokacin salla ya yi, na tashi na tambayi yaro ya nuna mini wurin salla. Na yi alwala a natse, na yi azahar, na ƙara da nafila. Da na komo ba kofin, kuma mutumina ya ce na abokinsa an sa a ɗakinsa, ba ya cikin nawa.

Takarda ta zo jikka 78 da dala ɗari. Ina da 60 ɗin Kontabul, da jikka 20 na mota da na ɓoye a aljihun ciki. Na haɗa na biya, canjin na bar ma yaron. Kuɗin komawa gida sai da ƙanena ya turo mini ta waya.

Kwantiragi kuma ba a sa hannu ba tukuna. Mun daidaita kan yawan kamiyo, mun saɓa kan wa zai ɗauki asarar abin da ya ruɓe in mota ta daɗe a hanya. Ya ce zai kira ni cikin sati. Kilishin Hajiya kam ya yi aiki, tun a teburin suka buɗe, mai lissafin har yana hawayen yaji yana ƙarawa.

Kontabul_Filato: Laifina ne da ban ce maka ka tambayi mutum nawa ne ba. A ofis wannan ce tambayar farko da muke yi. Ka ajiye takardar, in kana da rajistar kasuwanci tana shiga cikin kuɗin da aka kashe don aiki.

Uwar_Biyu_Yantala: Jikka 78 ba sa hannu. Da zabbina ne da yanzu an sa hannu har da dangwale.

Hajiya_Tawa: Kun ji ko? Duk abincin jikka 78, kilishin jikka 5 suka tuna.

Kontabul_Filato: Hajiya, a kan teburin jikka 78 ɗin aka buɗe kilishin.

Abu_Sumayya: Ga abin da na guda tun farko. Ka shiga da niyya mai kyau, ga shi an kawo ta gabanka.

Malam_Boukoki: An kawo, ya tashi, bai biya ba. Ni ban ga abin da ya rage masa ba. Sai dai Alhaji, nafila bayan azahar raka'a nawa ka yi, don in san tsawon kofin.

Ɗan_Galmi: Malam huɗu na yi, na zauna na ja tasbaha har yaron ya leƙo ya ga ko lafiya.

Tsohon_Garson: Jikka ɗaya da rabi ka bar wa yaron ke nan. Ya gode, na tabbata. Amma ruwa kwalba nawa aka buɗe?

Ɗan_Galmi: Huɗu. Biyu ina wurin salla aka buɗe su.

Shofer_Proje: Maganar asarar hanya, kada ka yarda ka ɗauka kai kaɗai. Motoci na kwana da kwanaki suna jiran ayari yanzu, albasa kuma ba siminti ba ce. Ku raba, ko a sa adadin kwanakin da in an wuce su asara ta koma kansa.

Amarya_2025: Ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda masana na nan. Maigida ya ce zai kai ni cin dare irin wurin nan ranar da muka cika shekara. Bife na dare ma haka kuɗinsa yake ko ya fi? Kuma ana barin mutum ya tafi da abin da ya rage a leda?

Tsohon_Garson: Na dare yakan ɗara kaɗan. In daga takarda kuka zaɓa, ki ce a naɗe miki ragowar, za a naɗe. Na bife kam ba a fita da shi.

Baban_Nana: Sai dai in jakar hannunki babba ce.

Dattijo_Terminus: Amarya, ki ce ya kai ki inda ake ganin kogi, ku isa kafin magariba.